Filin Lafiya: Babban Yatsa Da Takalmi Mai Tsini

A wannan mako za mu sunkuya ne mu dubi ƙafa. Watakila kun taɓa ganin mutumin da babban yatsan ƙafarsa ya karkata ya jingina da na kusa da shi, sa'an nan gindin yatsan ya turo waje kamar ƙullutu. Wasu kan ɗauka tsiro ne, har su nemi wanzami. To, ba tsiro ba ne. Ƙashin da yatsan ke zaune a kansa ne ya goce daga mazauninsa sannu a hankali, kansa ya ɓullo gefe.

Asalin abin galibi gādo ne, watau ƙirar ƙafa. Mai shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa da mai sakakkun jijiyoyi sun fi saurin samunsa, haka nan mai ciwon sanyin gaɓoɓi. Ya fi yawa ga mata, yana kuma ƙaruwa da shekaru.

Amma fa kada takalmi ya ce ba ruwansa. A 1958 wasu likitoci a Hong Kong suka gwada ƙafafun masu sa takalmi da na masu tafiya ba takalmi. Cikin masu takalmi kashi 33 daga 100 yatsansu ya karkata, cikin marasa shi kuwa kashi 2 kacal. A 2021 kuma masana suka ba da labarin ƙasusuwan mutanen dā da aka tono a Kambirij ta Ingila: kafin a shiga yayin takalmi mai dogon tsini kashi 6 ne ke da larurar, a ƙarni na 14 da na 15 da yayin ya kankama sai ta kai kashi 27.

Fade irin na iyayenmu yakan bar yatsu su miƙe yadda suka so. Sau-ciki mai matsattsen baki kuwa cure su yake yi wuri guda, in an ƙara da dogon dunduniya sai nauyin jiki ya gangaro kansu. Ni dai ina tausayin ma'aikaciyar ofis da ke yini a haka don kada a ce ba ta waye ba.

Wanda yatsan mahaifiyarsa ya karkata, lalle ya nemi takalmi mai faɗin baki, ya gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Wannan yakan rage zafi, amma ƙashin da ya riga ya goce sai aikin likita ke mai da shi. Mai ciwon sukari kuwa, da ya ga wurin ya yi ja ko ya saluɓe, asibiti ya nufa tun bai zama gyambo ba.