Kitse mai ƙona kitse: Shin haske zai iya auna shi a jikin ɗan'adam?

Ba kowane kitse ne ke jawo ƙiba ba. Akwai wani nau'i mai launin ruwan ƙasa wanda aikinsa shi ne ƙona sukari da maiƙo domin ɗumama jiki idan sanyi ya kama.

An daɗe ana ɗauka cewa jarirai ne kawai ke amfana da shi, har zuwa 2009 lokacin da bincike daga Holan da Finlan da Amurka ya tabbatar da cewa manya ma suna da shi, musamman a gindin wuya.

A 2021 kuma, masana a Jami'ar Rockefeller da ke Amurka sun duba bayanan mutum fiye da 52,000, inda suka gano cewa ciwon suga bai cika kama masu wannan kitse ba kamar sauran mutane. Wannan ya ja hankali matuƙa, ganin cewa fiye da mutum biliyan ɗaya ne ke fama da ƙiba a duniya, a cewar Hukumar Lafiya ta Duniya.

Sai dai auna shi jan aiki ne. Hanyar da aka fi amincewa da ita, wato na'urar PET-CT, tana buƙatar a zaunar da mutum cikin sanyi, sannan a yi masa allurar sukari mai ɗauke da radiyeshin. Ga tsada, ga shi ba a so a riƙa maimaita ta ga mai lafiya.

Shi ya sa masu bincike a Japan suka koma ga hasken infirared, wanda ido ba ya gani. Ana ɗora na'urar a gindin wuya, ta aika haske cikin fata, ta auna yawan jinin da ke wurin, domin wannan kitse cike yake da ƙananan jijiyoyin jini. Babu allura, babu radiyeshin.

Amma da sauran rina a kaba. Hasken ba ya wuce santimita kaɗan, kuma jini yake aunawa, ba kitsen kansa ba.

Akwai kuma batun launin fata. A 2020, binciken Jami'ar Michigan ya nuna cewa na'urar auna iskar oksijin da ake maƙalawa a yatsa, wadda ita ma da haske take aiki, ta fi yin kuskure a kan baƙaƙen fata.

Saboda haka, kafin wannan fasaha ta shiga asibitoci, wajibi ne a gwada ta sosai a kan baƙar fata. In ba haka ba, za ta riƙa bai wa miliyoyin mutane sakamakon da ba nasu ba.