Kafin gaban goshi ya zama fili

Duk wanda ya ga gashin gefen goshinsa yana ja da baya, ya fara tambayar abin da ya jawo. A ganina, amsar wannan tambaya ta fi kowace kwalbar man da ake talla a tashar mota daraja.

A wajen maza, galibi gado ne. Wani sinadarin jiki mai suna DHT yana tsuke saiwar gashi sannu a hankali, gashin ya riƙa fitowa siriri har ya daina, sanƙo ya samu wurin zama. Hula ba ta da laifi. A wajen mata kuwa, sau da yawa kitso mai tsauri da ƙarin gashi ne ke jan saiwar. Idan aka sassauta da wuri, gashin kan dawo.

Ga sanƙon gado, magunguna biyu ne suka yi fice: minoxidil na shafawa, da ƙwayar finasteride mai rage DHT, wadda sai da izinin likita, kuma mai juna biyu ba ta shan ta. Akan jira wata 3 zuwa 6 kafin a ga canji, kuma idan aka daina, zubewar za ta dawo. Dashen gashi, wanda ake zuwa Turkiyya dominsa, ɗebo gashi ake yi daga ƙeya, ba ya hana sauran zubewa.

Saiwar da ta mutu ba ta farfaɗowa. Shawarata ita ce a ga likitan fata tun ƙananan gashi na nan a wurin, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.