Tara Hoto Daban, Adana Shi Daban



Duk lokacin da aka yi sallah, ko ɗaurin aure, ko taron ƙungiya, kafin dare zauren WhatsApp ya cika maƙil da hotuna. Mutum goma sun ɗauki Sarkin Hausawa yana jawabi, kowa ya turo nasa ashirin. Bayan wata shida a nemi guda ɗaya mai kyau da za a sa a kalanda ko a aika wa dangi a gida, sai a rasa. Taron tsintsiya ke nan, ba shara. A ganina, wanda bai iya goge hoto ba, bai iya adana shi ba.

Mu yi lissafi. Hoto ɗaya na wayar zamani yakan ci megabait 3 zuwa 4, wato hoto 1,000 ya kusa gigabait 4. Google kuwa gigabait 15 kawai yake bayarwa kyauta, kuma Gmail da Drive da Google Photos duk a ciki suke ci. Tun 1 ga Yuni, 2021 ya daina ajiye hotuna kyauta ba iyaka. Idan wurin ya cika, hatta saƙon imel ba zai shigo ba. Sai waya ta fara nauyi, mutum ya fusata ya share komai a lokaci ɗaya, har da rasit ɗin kuɗin ƙungiya da hoton takardar shago.

Maganin shi ne tantancewa cikin mako guda, tun ana tuna wane ne wane. Zagayen farko a yi shi da sauri: wanda ya yi dishi-dishi, ko aka rufe ido, ko aka yanke kai, a goge ba tare da dogon tunani ba. A zagaye na biyu kada a tsaya neman na gogewa. A sa alama a kan na ajiyewa, sauran su tafi gaba ɗaya. Hoto goma iri ɗaya, guda ya isa. Na uku shi ne duba mutunci: hoton matar aure ko yaro da ba a nemi izini ba, ko na dattijo yana tsakiyar cin abinci, bai dace ya shiga Facebook ba.

Wani zai ce, idan na goge hoton wanda gobe Allah zai karɓi ransa fa? Wannan tsoro ne mai tushe, don haka a sassauta wa hotunan dattawa. Kuma Google Photos yana riƙe abin da aka goge na wani lokaci a kwandon shara, in dai an riga an ɗora shi. Amma hoto ɗaya mai suna da kwanan wata ya fi hamsin da jikoki ba za su gane kowa a ciki ba.

Shawarata ita ce kowane taro a wakilta mutum biyu su ɗauka, su fitar da kamar 40. A sa wa jakar suna da shekara, wata da rana, a ajiye wuri biyu. Wajen turawa a tura a matsayin takarda, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau. Sauranmu kuma mu kashe saukar da hoto kai tsaye, data ma ta huta.

Allah ya bar zumunci, ya sa mu dace.