RININ DA KE TONA ASIRIN IDO

Can ƙuryar ido akwai wani tantani mai laushi wanda haske ya ke sauka a kansa, da shi mu ke gani. Jijiyoyin jinin da ke ciyar da shi sun fi gashin kai siranta, ciwon sukari da ciwon sikila kuwa su kan toshe su, ko su sa su yoyo, tun mutum bai ji kome ba. Likita ya kan leƙa da fitila ya ga jijiyoyin, amma ba ya ganin gudun jinin da ke cikinsu.

Cikin 1961 waɗansu ɗalibai biyu masu koyon likita a Indiana ta Amurka, Novotny da Alvis, suka bayyana dabarar da ta warware wannan. A kan ɗura wani rini, fuloresin, a jijiyar hannu. Cikin daƙiƙa 10 zuwa 15 ya kai ido. Sa'an nan a haska shuɗin haske, rinin ya yi ƙyalli, a yi ta ɗaukar hoto bi da bi. Inda hanya ta toshe sai a ga duhu, inda ta huje sai a ga ƙyallin yana malala. Abin yabo kuwa, a jikin Alvis kansa suka fara gwadawa.

To, mu abin da ya fi burge mu shi ne, masu gwaji ba su ɓoye illar rinin ba. Ya kan sa tashin zuciya. Wani lissafi da aka buga a Amurka cikin 1986 ya nuna mutuwa ɗaya cikin gwaji wajen 220,000. Kaɗan ne, amma ran mutum ne. Saboda haka wajibi ne likita ya tambayi majinyaci ko allura ta taɓa yi masa lahani, maganin gaggawa kuma yana kusa.

Har wa yau fata ta kan yi rawaya 'yan sa'o'i, fitsari kuma kwana guda ko fiye. Wanda ba a gaya masa ba lalle ya zaci shawara ce, ya tsorata maƙwabta, su ƙi zuwa asibiti har ido ya tafi. Malaman makaranta da akawuna, ku jama'a su ke tambaya; ku gaya musu ƙoda ce ta ke fitar da rinin.

Gaskiya ne tun wajen 2015 akwai na'urar da ke nuna jijiyoyin nan ba allura. Amma ba ta nuna yoyo, don haka likitoci ba su ajiye rinin ba.