Zumunta A Ƙafa Ta Ke

Duk wanda ya bi ta Sharaɗa ko Challawa ko Bompai da tsakar rana, sa'ad da aka tashi ma'aikata cin abinci, zai ga abin da ya isa a tsaya a yi tunani a kansa. Ga samari goma ko fiye a kan benci guda a rumfar mai shinkafa da wake, kafaɗa tana gugar kafaɗa, amma shiru kamar an aiki bawa garinsu. Kowa hannun dama a kwano, na hagu riƙe da waya, kai a sunkuye. Wanda ya yi sallama sai ya maimaita kafin a amsa, in an amsa kuwa ba mai ɗaga ido ya ga ko wane ne.

Da ba haka wuraren nan su ke ba. Bompai ita ce babba, tun zamanin Turawa aka keɓe ta domin masana'antu, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya bayan samun mulkin kai. Masaƙu da majemu da kamfanonin roba suka tara mutane daga ko'ina: Bakano da Bakatsine, Babarbare da Tibi, Bayarabe da Ibo. Ba dangin iya, ba na baba. Abin da ya mai da su 'yan'uwa shi ne 'yan lokatan nan da ba a biyan kowa kuɗinsu, watau zaman teburin mai shayi da asuba, da rabin sa'ar cin abinci, da tafiya gida a ƙafa ko a kan keke zuwa Gwagwarwa ko Dakata ko Panshekara. A nan a ke jin wanda matarsa ta haihu, da wanda tsohonsa ya ke kwance, da wanda mai gidan haya ya kora. A nan a ke ƙulla adashi, a nan kuma a ke shawarar wanda za a tura ya yi magana da manaja.

Yanzu waɗannan lokatai ne waya ta cinye. A watan Agusta na 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a Nijeriya, kira kuwa naira 50 ne minti guda, saboda haka mutum ya kan faɗi abin da ya ke tafe da shi ya kashe. Daga baya babbar waya ta zo, masu araha irin su Tecno da Itel suka cika kasuwar Farm Centre, Facebook da WhatsApp da TikTok suka shiga aljihun lebura. Kada a zaci rashin hankalin samari ne kaɗai ya jawo wannan maita. Masu waɗannan dandali da kuɗin talla su ke arziki, gwargwadon daɗewar ido a kan gilashi gwargwadon ribarsu. Don haka aka ƙera su yadda hoto ba ya ƙarewa, in an ture wannan sai wani ya ɓullo. Aza Raskin, Ba'amurken da ya ƙago wannan dabara a 2006, shi da kansa ya fito daga baya ya nuna nadama. To, in maƙerin tarko ya yi da-na-sani, ina ga tsuntsu?

Masu kare waya su kan ce ai da ita ne ma'aikaci ya ke jin muryar mahaifiyarsa a Gumel, da ita ya ke aika mata kuɗin magani nan take, da ita ya ke jin inda a ke ɗaukar aiki. Gaskiya ne, ba mai musun wannan sai butulu. Amma duk waɗannan ba su cin minti goma a yini. Sauran sa'o'in fa, ina su ke tafiya? Su kan tafi wajen kallon rawar wanda bai san da mai kallon ba, da zagin wanda ba a taɓa gani ba, da kallon motocin masu kuɗi har zuciya ta raina abin da Allah ya ba ta. Ga kuma hasarar dukiya. A 2024 gwamnatin Kano ta tsai da mafi ƙarancin albashi a kan naira 71,000, lebura mai aikin yini kuwa ba lalle ne ya sami ko wannan ba. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Duk da haka akwai wanda zai haƙura da ƙosan karin kumallo, ba zai haƙura da data ba. Lalle sabo turken wawa.

Su kan kuma ce ai zumunta tana nan, wuri kawai ta sake, tun da ko wane sashe na masana'anta yana da zaurensa na WhatsApp. A duba wannan zumunta da kyau. Malamai sun karantar cewa cikin haƙƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa akwai gai da marar lafiya da raka gawa. Saƙon ta'aziyya da mutum hamsin suka kwafa daga juna ba ya ɗaukar makara, ba ya zaman makoki, ba ya lura da cewa tukunyar gidan ba ta hau murhu ba. Wanda inji ya datse wa yatsa, mai riƙe shi zuwa asibiti ya ke bukata, sai ga wasu sun zaro waya suna ɗaukar hoto.

Babbar hasarar ma tana gaba. Ma'aikaci ba shi da gona a birni, ba shi da jari, ƙarfinsa duka shi ne 'yan'uwansa na aiki. Kano ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a ƙasar nan, a 1980, zamanin Gwamna Abubakar Rimi, kafin gwamnatin tarayya ta bi sawu a 1981. Mutanen da suka san juna ido da ido ne aka girmama da wannan rana. Tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da ƙarancin lantarki, da kwararowar yadin waje, masana'antu da yawa suka rufe, masu neman aiki suka yi wa ƙofofin da suka rage yawa. A irin wannan hali ne ma'aikata suka fi bukatar juna, gama sanda ɗaya ba ta da wuyar karyawa. Amma wa zai tsaya wa wanda aka sallama ba bisa ƙa'ida ba, alhali shekara guda a kan benci ɗaya ba a san ko unguwarsu ba?

Ba a ce a jefar da waya a kogin Challawa ba. Abin da a ke nema kaɗan ne. In an ajiye kwano, waya ta koma aljihu har a wanke hannu. In an yi sallama, a ɗaga kai. In abokin aiki ya kwana biyu bai zo ba, a nemi gidansa a taka a je. Dattawan wurin aiki da shugabannin ƙungiya su ne za su fara, don yaro ba ya jin faɗan wanda ya ke yi masa faɗa yana latsa waya.

Magabata sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Har yau ba a ƙera injin da ya ƙaryata su ba. Allah ya sa a gane, amin.