Kantin Gama-Kai, Na Wane Ne?

A shekarar 1844 wasu ma'aikata 28, da dama daga cikinsu masaƙa, suka haɗa 'yan kuɗinsu a garin Rochdale ta Ingila, suka buɗe kanti, don sun gaji da algus da tauye mudu. Ƙa'idarsu ita ce kowane ɗan ƙungiya ƙuri'arsa ɗaya, kome yawan jarinsa, riba kuwa a raba ta gwargwadon sayayyar mutum. Daga wannan tushe ne Co-op ta Birtaniya ta tsiro.

Ba ta rasa abin yabo ba. A 2002 ta mai da sandunan cakulan masu sunanta na Fairtrade, wato cinikin adalci, da kokon manoman Kuapa Kokoo na Gana.

Amma fa, malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, kyautata wa manomi daban, sauraron masu kanti daban. A 2013 aka gano giɓin fam miliyan 1,500 a bankinta. Sai a 2014 aka sake tsarin mulki, aka ba ƙwararru daga waje rinjaye a hukumar gudanarwa, bisa hujjar wai wakilan 'yan ƙungiya ba su san sha'anin kuɗi ba. Hakika an ba 'yan ƙungiya ƙuri'a a taron shekara, amma ɗaga hannu sau ɗaya a shekara ai ba riƙon linzami ba ne. In rashin sani ne cutar, a ganina koyarwa ta fi tsige wakilai dacewa. Mutanen Rochdale kansu sun ware kashi 2½ cikin 100 na ribarsu don ilmantar da 'yan ƙungiya.