Gida ba ya hawa mota

Wani sabon karatu ya shigo majalisun attajiran Tawa, har ya kusa zama abin da ba a musu da shi: wai kasuwar gini ta mutu a gida, don haka mai hankali sai ya kwashi dukiyarsa ya je ya kafa bene a Abijan, ko Kwatano, ko Lome, wanda kuwa hannunsa ya fi tsawo ya sayi ɗaki a Dubai. Suna da hujja, ba za mu hana su ita ba. Takunkumin da CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar a ƙarshen Yulin 2023 ya karya ciniki, kuma ko da aka ɗage shi a Fabrairun 2024, da yawa daga ƙungiyoyin waje masu hayar manyan gidaje sun riga sun naɗe tabarmarsu. Ga shi kuɗin Abijan da namu sefa guda ne, babu wahalar canji.

Abin da ba zan haɗiye ba shi ne su kira wannan tafiya biɗa, su ce ai gadon Adarawa ne. Saurayin Bambai da ke barin gida bayan an ɗaure damman gero, me yake fita da shi? Ƙarfinsa da ƴar jakarsa. Ya sayar da shayi a Ajame, ya yi dako, ya kwana a rumfar kasuwa, abin da ya tara ya aiko gida: buhun hatsi lokacin bazara, kwanon rufi, sadakin ƙane. Shi gumi yake fitarwa, kuɗi su shigo. Alhaji kuwa kuɗin da aka tara a Adar, wasu ma daga aljihun waɗannan samari suka fito, su yake kai wa magina da dillalan wata ƙasa. A raɗa wa tafiyar biyu suna ɗaya zalunci ne ga harshe, mu da muke koyar da shi ba za mu sa hannu ba.

Sa'an nan ga mantuwa. A 1969 gwamnatin Busiya ta ba baƙin Gana marasa takarda mako biyu su fita. A 1983 Najeriya ta Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan guda, da namu a ciki. A 2002 da 2011 mun ga waɗanda suka dawo daga Kwaddebuwa, a 2011 kuma daga Libiya. Mai tebur ya ɗaure kayansa ya hau mota. Mai bene fa? Ba sai an yi yaƙi ba ma, doka kaɗai ta isa. Dokar filayen karkara ta Kwaddebuwa ta 1998 ta keɓe mallaka ga ƴan ƙasa, tsarin mulkin Gana na 1992 kuma bai ba baƙo fiye da hayar shekara 50 ba. Dubai ɗin da ake ambato da sassauta murya, tsakanin 2008 da 2009 farashin gidajenta ya faɗi da kusan rabi. Wanda ya hau dokin aro ya san ranar sauka ba a hannunsa take ba.

Amma mu koma kan ita mamaciyar. Wace kasuwa ce ta mutu? Ta gida mai bene da gareji da dogon bango, wanda aka gina don baƙo mai biyan hayar shekara a dunƙule. Irinsa aka yi ta zubawa, musamman wajajen bikin Tawa Sakola na 2017, kowa na kwaikwayon maƙwabcinsa. Da baƙon ya tafi sai aka ce gari ya mutu. Alhali ɗaliban jami'ar Jibo Hamani suna cunkushe a ɗakunan haya, ƴan mata daga ƙauyuka suna barin karatu bayan firamare saboda babu amintaccen masauki kusa da kwaleji, malamin kwantiragi da aka tura Bambai ko Kalfu kuwa yakan fara aikinsa da roƙon inda zai ajiye katifa. Ku da ke karanta wannan shafi kun san haka fiye da ni. Waɗannan duka masu biya ne. Kuɗinsu kaɗan ne, wata-wata suke zuwa, wani lokaci a makare, kuma ba a ɗaukar hoto a gaban ɗaki biyu da zaure a nuna wa abokai. Ina zargin a nan ainihin ciwon yake.

Ba kuma za a ce kayan aiki suka gagara ba. Siminti a jaharmu ake yin sa, a Malbaza da Badagishiri, kuma a Oktoban 2024 gwamnati ta sauke farashinsa da kimanin kashi 35 cikin 100. Dutse kuwa, duk wanda ya taɓa noma a Adar ya san ba a sayo mana shi. Magina ma akwai su, sai dai ku neme su a tasha bayan kaka, suna jiran motar kurmi. Wasunsu a can za su tarar da aikin Alhaji, su ɗora masa bulo a matsayin baƙi, a biya su ladan baƙi.